Shekara 14 ina feshin fenti, yanzu numfashi na neman gagara ta

Mai Fentin Mota: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara, kuma don Allah a ba ni ta gaskiya. Shekara 14 ke nan ina feshin fentin mota. Wata takwas da suka wuce na fara jin ƙirjina yana ɗaurewa, musamman da daddare bayan na tashi daga aiki. Tari ya tashe ni cikin dare, numfashi yana fita da ƙara kamar usur. Na je asibiti sau uku, aka ba ni maganin mura da na tari, ya lafa kwana biyu ya dawo. Abin da ya sa na rubuto shi ne, kwanan baya na yi tafiyar kwana goma, ban yi tari ko sau ɗaya ba. Ranar da na koma bakin aiki, a daren ya dawo. Ba na shan taba. Shin fentin ne? In shi ne, me ya sa sai yanzu, bayan duk waɗannan shekaru?

Tsohon Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ɗora wa kanka tsoro. Ni shekara 33 na yi ina walda, hayaƙi babu irin wanda ban shaƙa ba, ga ni nan da ƙafata. Sanyi ne ya kama ka. Ka riƙa shan madara in ka tashi aiki, ita ke wanke ƙirji. Haka muka tarar, haka muka yi.

Malamar Jinya: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, amma a nan ba zan bi bayanka ba. Madara cikin ciki take shiga, hayaƙi kuwa huhu yake shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ba ta wanke komai a ƙirji.

Ɗan'uwa mai fenti, abin da ka kwatanta, wato ciwo ya lafa ranar hutu ya dawo ranar aiki, shi ne babbar alamar asmar da sana'a ke kawowa. Ban ce ita ce ba tunda ban gan ka ba, amma ta cancanci a binciko ta. Tambayata ɗaya: a zuwanka asibiti sau ukun nan, akwai wanda ya tambaye ka sana'arka?

Mai Fentin Mota: Malama, wallahi babu. Ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Malamin Kimiyya: Wannan tambaya ta Malama tsohuwa ce ƙwarai. Wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a 1700 kan cututtukan masu sana'o'i. Ya bi maƙera da masu haƙar ma'adinai da masu yin tukwane har wuraren aikinsu, ya ce duk likitan da ya zauna gaban talaka mara lafiya ya ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda aka saba: mene ne sana'arka? Shekara fiye da 300, har yau ana mantawa da ita.

Game da "me ya sa sai yanzu", fentin mota irin wanda ake haɗawa da ruwan da ke sa shi ya bushe ya yi tauri yana ɗauke da sinadarin aisosayanet. Jiki yakan yi shekaru yana karɓarsa shiru, sai wata rana garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba. Daga ranar nan ko ɗan mitsitsi ka shaƙa, hanyoyin iska su tsuke. Kuma sau da yawa ba nan take yake tasowa ba, sai bayan sa'o'i, shi ya sa mutum yake zargin sanyin dare.

Tsohon Mai Walda: Malam, ku masu boko komai sai kun sa masa suna mai ban tsoro. In haka ne ai da duk mun mutu.

Malamin Kimiyya: Baba, ba raini ba ne. Bari in roƙe ka abu ɗaya. Ka zauna ka lissafa waɗanda kuka fara koyon walda tare. Nawa ne har yanzu suke bakin aiki, nawa suka bari saboda ƙirji ko ido ko rawar hannu, nawa suka rasu kafin su tsufa? Wanda ya kai shekara 33 shi muke gani yana ba da labari. Wanda ya faɗi a shekara ta goma sha biyu ba ya cikinmu balle ya yi magana. A 2017 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa hayaƙin walda a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam, musamman ta huhu. Hayaƙin injin dizal ya shiga rukunin tun 2012. Wannan ba ya nufin kowane mai walda zai kamu. Yana nufin in ka jera dubu masu walda da dubu marasa yi, za ka ga bambanci.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Maigidana gyaran batirin mota yake yi, yana fasa tsofaffi yana narka dalmar ciki. Da kayan aikinsa yake dawowa, yara su ruga su rungume shi, ni nake wanke kayan da hannuna. Ƙaramin namu mai shekara uku kullum ciwon ciki da taurin bayan gida, ba ya son abinci, ga yawan kuka. An ce ƙarancin jini ne, mun yi ta ba shi maganin ƙarin jini. Shi maigidan ma yana fama da ciwon kai da na gaɓoɓi, kwanan nan aka ce yana da hawan jini, bai kai arba'in ba. Akwai alaƙa?

Malamar Jinya: 'Yar'uwa, taki ta fi gaggawa. Ki nemi a yi wa yaran biyu, da ke, da shi, gwajin dalma a jini. Ki faɗi sunan gwajin da bakinki, don gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna ta. Dalma ba ta da wari, ƙurarta ba a ganinta, tana maƙalewa a riga da gashi da takalmi da ƙarƙashin farce. Yaro yana rarrafe, yana sa hannu a baki, kuma cikinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa. In kuma yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki sai tsotsewar ta ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, yara da yawa ba sa nuna alama ko ɗaya, sai an kai su makaranta a ga karatu ba ya zama, a yi ta dukansu ana cewa daƙiƙai ne.

Kina da ciki ko kina shayarwa?

Uwar Biyu: Ina da na wata huɗu.

Malamar Jinya: To daga yau kada ki ƙara taɓa kayan aikin nan. Dalma tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Bayan haka, wadda ta daɗe a jiki ƙashi take shiga ta zauna shekaru da dama, in mace ta sami ciki jiki ya fara ɗebo alli daga ƙashi don gina jariri, sai ta fito tare da shi. Ki gaya wa masu awon cikinki sana'ar mijinki. Shi kuma ya ajiye kayan aiki da takalminsu a wurin aiki, ya yi wanka ya sauya kafin ya shigo. Ɗaki a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ƙurar take yi.

Ɗan Ƙwadago: Innalillahi. Wannan ya tuna mini da abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe duwatsun zinariya ne da ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙawa, cike suke da dalma. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Kuma magani kaɗai bai wadatar ba, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, domin in ka cire gubar daga jinin yaro ka mayar da shi kan ƙasar nan, aikin banza ka yi. Ƙauyen Bagega na yankin Anka sai 2013 aka share shi. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ta batir kuwa, 'yar'uwa, ta faru a wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal, inda yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, kuma sana'ar unguwar ita ce fasa tsofaffin batira. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, don maigida ya san ba ƙirƙira kika yi ba.

Mai Gareji: Ni ina da yara tara a ƙarƙashina, bari in faɗi tawa. Duk abin da kuke faɗa na ji, amma mu yi adalci. Na sayo takunkumi na raba, kafin azahar kowa ya sauke shi a haɓa, wai zafi. Safar hannu sun ce ba sa jin noti da ita. Da fetur suke wanke hannu, wani ma da baki yake zuƙo shi ta tiyo. Na yi faɗa har na gaji. Sannan in aka ce mutum ya bar sana'ar da ita kaɗai ya iya, iyalinsa fa? Yunwa ai ta fi hayaƙi saurin kisa.

Ɗan Ƙwadago: Ranka ya daɗe, wane irin takunkumi ka raba?

Mai Gareji: Irin na asibiti, shuɗin nan.

Malamin Kimiyya: To, Alhaji, ko sun saka shi yini guda bai tare musu tururin tina, wato ruwan tsinka fenti, ko na fetur ba. An yi shi ne don tare yawu da majina. Tururin sinadari yana wuce shi kamar ruwa a rariya. Mai tare ƙura daban, mai tare tururi daban, shi ne mai gwangwanaye biyu a gefe da gawayi na musamman a ciki, kuma gawayin yana cika, dole a riƙa sauyawa. Na mai feshin fenti mai aisosayanet ma ya wuce nan, wanda ake turo masa iska mai tsabta ta bututu ya fi dacewa, domin kafin hancinka ya ji warin sinadarin ka riga ka shaƙi abin da ya fi ƙima.

Amma maganarka ta zafi gaskiya ce, kuma masana harkar sun san da ita. Shi ya sa takunkumi ne na ƙarshe a jerinsu. Na farko, in akwai abin da zai yi aikin ba tare da gubar ba, a sauya. Na biyu, a janye hayaƙin daga inda yake tashi kafin ya kai hanci, ko a raba wurin feshi da inda sauran mutane ke aiki. Mai yankan dutse ko tayil ya yanka da ruwa, ƙurar ta kwanta. Waɗannan ba sa jiran sai yaro ya tuna.

Fetur kuma ina roƙonka ka tsaya a kansa. Akwai sinadarin benzin a cikinsa, yana shiga ta huhu yana shiga ta fata, kuma ɓargo yake nufa, inda ake ƙera jini. An daɗe da tabbatar da yana jawo sankarar jini. Sabulu da ruwa da ɗan burushi a ƙofar gareji, da ƙaramin famfon zuƙo mai na hannu, ba za su karya ka ba.

Ɗan Ƙwadago: Ina ƙarawa da cewa ba yaran ne suka zaɓi fentin ko tinar ba, mai wurin ne ya saya. Tun 1990 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 170 kan sinadarai a wurin aiki, wadda ta ce haƙƙin ma'aikaci ne ya san abin da yake taɓawa da illarsa, kowane mazubi ya zama da alama, kuma kariyar a wuyan mai ba da aiki take. Ita da Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum miliyan 1.9 suka mutu ta dalilin aikinsu, kuma mafi yawa cuta ce ta kashe su, ba haɗari ba. Wanda ya faɗo daga bene kowa ya gani. Wanda huhunsa ya ƙare a shekara ashirin sai a ce ajali.

Mai Gareji: Ajalin ne mana, Malam. Ko kana musu?

Ɗan Ƙwadago: Ba na musu, Alhaji. Amma kai ma in mota ta zo ba birki ba ka cewa direba ya tafi, ajali ne. Gyarawa kake yi.

Mai Gareji: Na karɓi wannan. Sabulu da famfon zan kawo. Wurin feshin ne ban san yadda zan yi da shi ba, filin ƙarami ne.

Manomin Rani: Mu ma a sa mu a ciki. Ni feshin maganin ƙwari da na ciyawa nake yi, nawa da na haya. Duk ranar da na yi yini ina feshi sai in dawo da jiri, gumi na zuba, yawu na taruwa, ido yana gani dishi-dishi. In na kwana sai ya wuce. Na ɗauka rana ce.

Malamar Jinya: Yaya, ba rana ba ce. Jiri da gumi da yawu da dishi-dishin ido tare, alamar magungunan ƙwari ne na dangin oganofosfet. Suna toshe wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata don su saki bayan sun yi aiki. Kana warwarewa da safe, amma sinadarin yakan ɗauki makonni kafin ya koma daidai, in ka sake feshi kafin nan sai abin ya taru. Kuma yawancin abin da ke shiga jikin mai feshi ta fata yake bi: tanki mai yoyo a gadon baya, rigar da ta jiƙe, hannun da aka dama magani da shi. Ka gyara yoyon, ka sa dogon hannu da takalmin roba, kada ka yi feshi iska na maido maka, ka yi wanka da sabulu nan take, kada ka ci ko ka sha kafin ka wanke hannu. Jarkar magani kuma kada ta koma ta ruwan sha, ko sau nawa aka ɗauraye ta.

Malamin Kimiyya: A duba sunan da ke jikin kwalbar ma. Farakwat, maganin ciyawar nan, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Kurɓi ɗaya na iya kisa, babu makarinsa, kuma bincike da dama ya danganta daɗewa ana mu'amala da shi da cutar Fakinsin mai sa rawar jiki. Akwai kuma labarin da ya kamata kowane magidanci ya sani. A 1977 ma'aikatan wata masana'antar maganin tsutsar ƙasa a Kalifoniya ta Amurka suka lura a hirarsu cewa kusan babu wanda matarsa ta haihu a 'yan shekarun nan. Da aka gwada su, aka tarar maganin, DBCP, ya lalata musu maniyyi. Su da kansu suka gano, ta hanyar kwatanta labari. Duk da haka aka ci gaba da kai shi gonakin ayaba na ƙasashe irin su Kosta Rika da Nikaraguwa, ma'aikata da yawa suka rasa haihuwa.

Mai Neman Sani: Akwai wani mai tallar ganyen shayi da ƙwayoyi, ya ce suna fitar da duk gubar da ta taru a jiki cikin mako biyu. Ko a haɗa 'yar'uwar nan da shi?

Likitan Ƙirji: A'a, don Allah kada a yi. Na shigo a makare, na karanta daga sama. Babu shayin da ke fitar da dalma daga ƙashi ko ƙura daga huhu. Akwai maganin cire dalma na gaske, irin wanda aka ba yaran Zamfara, amma sai adadin ya yi yawa ƙwarai ake ba da shi, bayan gwaji, likita na lura da ƙoda da hanta, domin shi ma yana da nasa haɗarin. Balle mai ciki. Wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa ba rajista ma an sha samun dalma ko zaiba a cikinsu.

Ina so in ja birki kaɗan ta ɗaya ɓangaren. Kada kowa ya tashi daga nan yana ganin duk ciwon kansa guba ce. Tarin mai fenti zai iya zama tibi, zai iya zama asma ta gado, dole a duba. Ƙarancin jinin yaro na iya zama tsutsar ciki. Abin da ke sa mu karkata shi ne yawan abin da aka shaƙa, tsawon lokaci, da yadda ciwon ke bin ranakun aiki. Kuma ku sani ba kowace guba gwaji ke kamawa ba. Benzin cikin kwanaki kaɗan yake barin jiki, ɓarnar da ya yi ita ke zama. Don haka tarihin aikinku shi ne babbar shaida. Ku rubuta a littafi: daga shekara kaza zuwa kaza na yi aiki kaza, da sinadari kaza. Ku ɗauki hoton gwangwanin.

Dalilin da nake nacewa kan rubutun, akwai waɗanda ba sa bayyana sai mutum ya manta ya taɓa yin aikin. Asbestos, wanda ake samu a tsofaffin kwanon rufi da silin da wasu faifan birki, yana jawo sankarar fatar da ta lulluɓe huhu bayan shekara 20 zuwa 50. An same ta har a jikin matan da ba su taɓa taka masana'anta ba, kayan mazajensu kawai suke kakkaɓewa su wanke. Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya a 1999, amma har yau mutane dubbai ke mutuwa da shi a can duk shekara, daga aikin da suka yi tun suna samari. Wanda ya haɗa shi da taba kuwa haɗarin sankarar huhunsa ninkuwa yake yi sosai. Ƙurar silika ta masu fasa dutse da haƙar ma'adinai tana mayar da huhu tabo, ba ya warkewa, kuma tana buɗe wa tibi ƙofa. Ostireliya ta kai ga hana dutsen kantar kicin na haɗi a 2024 saboda samari masu yankansa da huhunsu ya lalace.

Mai fenti, ga abin da za ka yi. Ka nemi ɗan bututun awon ƙarfin numfashi, irin na masu asma. Ka hura aƙalla sau huɗu a rana, ka rubuta lambar da lokacin, na tsawon mako uku ko huɗu, a ciki har da ranakun da ba ka je aiki ba. Ka kai wa likita takardar tare da hoton gwangwanayen. A yi maka hoton ƙirji da gwajin majina. In numfashi ya tsuke har magana ta gagara, asibiti a daren, kada ka jira safiya. Kuma kada ka ja lokaci. Wanda aka raba da sinadarin da wuri yakan sami sauƙi sosai, wanda ya ci gaba da shaƙa shekaru asmar kan zauna masa ko ya bar aikin.

Mai Neman Sani: Na gode likita, na janye. Amma mu da ba ma irin wannan sana'a, mun tsira ke nan?

Malamin Kimiyya: Ba lalle ba. Masuntan Minamata ta Japan ba a masana'anta suke aiki ba. Kamfanin Chisso ne ke zubar da ruwa mai zaiba a gaɓar teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci, aka fara ganin cutar a hukumance a 1956: tafiya na tangaɗi, magana na sarƙewa, ana haifar jarirai da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013. Yau babbar hanyar da zaiba ke shiga iska ita ce ƙananan masu haƙar zinariya da ke ƙona ta don ware zinariyar, kuma tana cikin wasu mayukan sauya launin fata, inda take cin ƙoda. A Bangaladash rijiyoyin burtsatse da aka haƙa don a kuɓutar da mutane daga kwalara suka zo da sinadarin asenik daga ƙarƙashin ƙasa, ruwa garau ba wari ba ɗanɗano, miliyoyi suka sha shekaru kafin a gane a farkon shekarun 1990. Fetur mai dalma kuwa duk duniya ta shaƙe shi, sai 2021 aka daina sayar da shi wa motoci, Aljeriya ce ta ƙarshe. Mai maƙwabtaka da wurin narka batir ko ƙona wayoyi da robobi yana shaƙar abin da ma'aikacin ke shaƙa, har cikin barcinsa.

Tsohon Mai Walda: Malamin kimiyya, na yi lissafin da ka ce. Jiya ban yi barci sosai ba. Mu shida muka koya a wurin maigidanmu. Biyu sun rasu da ciwon ƙirji, ɗayansu bai kai hamsin ba. Ɗaya yana nan hannunsa na rawa, ko kofi ba ya iya riƙewa. Ɗaya ya bar aikin tun da wuri. Saura mu biyu, kuma ni ma ba na iya hawa bene ban tsaya a tsakiya ba, ina cewa tsufa ne. Ban taɓa jera su wuri ɗaya ba sai jiya. Ɗana mai fenti, ka bi maganar likita, ka bar tawa.

Likitan Ƙirji: Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kai ma ka je a auna numfashinka. Abokin nan naka mai rawar hannu a gaya wa likitansa walda ya yi, domin hayaƙinta na ɗauke da sinadarin manganis, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Uwar Biyu: Na dawo da labari. Da farko maigida ya yi fushi, ya ce ina so in raba shi da abincinsa. Na ba shi wayar ya karanta da kansa, ya yi shiru. Mun sha yawo kafin mu sami inda ake gwajin. Sakamako ya fito, duk mu huɗun akwai ta a jininmu, nasa ya fi yawa, sai na ƙaramin. Likita ta ce na yaran bai kai na ba da maganin cirewa ba, amma ya wuce inda ake so, za a sake aunawa. Ta ci gaba da ba ƙaramin maganin ƙarin jini. Maigida kuma an ce ya dakata da narkawar, a duba ƙodarsa. Kayan aiki sun daina shigowa gida. Tabarmar da yake zama a kai in ya dawo mun yar da ita. Sauran matan abokan aikinsa uku na gaya musu, ɗaya ta ce za ta kai nata.

Malamar Jinya: Alhamdu lillahi da kika je. Kada ki fasa komawa awo na biyun, ko da kin ga yaron ya warware. Allah ya sauke ki lafiya.

Mai Fentin Mota: Ni ma ga nawa. Na yi hurawar mako huɗu kamar yadda likita ya ce. Lambar tana sauka duk ranar feshi, ta fi sauka da dare, ranar hutu ta hau. Babu tibi. Likitan da na kai wa takardar ya ce asmar aiki ce, ya ba ni abin shaƙa, ya ce in bar feshin kwata-kwata, ko tsayawa kusa kada in yi. Wallahi abin ya yi mini nauyi, hannuna ya saba, da shi na yi aure da shi nake ciyar da mahaifiyata. Na yi magana da wani mai gyaran wutar mota zai karɓe ni, wurinsa da nisa da masu feshi.

Abin da ya rage mini yara biyu ne da nake koya wa, ƙaramin shekararsa 15, shi ke dama fentin da hannu yana wanke bindigar feshi da tina. Ban san me zan gaya wa mahaifinsa ba, ni na je na roƙo ya ba ni shi. Malamin kimiyya, Alhaji mai gareji, in za a ware wurin feshi a ƙaramin fili, da me ake farawa, kuma ta wane gefe fankar janye iska take zama?